SHIN GANI YA KORI JI?



Kakanninmu sun ce gani ya kori ji. Magana ce mai nauyi. Idan ana gardama a kan gonar wane, sai a je a dubi zangarniya, gardama ta ƙare. Amma yau wani sabon gani ya shigo mana, gani na cikin wayar hannu. Ya kamata mu zauna mu auna shi, mu san ko shi ma ya kori ji.

Motar da ke ɗaukar hoton titi

Akwai wani kamfani a Amurka mai suna Google. A shekarar 2007 ya fara wani aiki da ya sa wa suna Street View, wato kallon titi. Ga yadda ake yi. Ana ɗora na'urar ɗaukar hoto mai idanu da yawa bisa rufin mota. Mota tana bin titi, na'ura tana ɗaukar gabas da yamma, kudu da arewa, duk a lokaci guda. Daga baya sai a haɗa hotunan kamar yadda maɗinki yake haɗa ƙyalle, a jera su bisa taswira. Mai waya da intanet sai ya taɓa da yatsa, ya ga kamar yana tsaye tsakiyar titin. Yana iya matsawa gaba, yana iya waiwayawa.

A shekarar 2017 aikin ya iso Ikko, wato Legas. An ɗauki hanyoyi kimanin kilomita 10,000. Kun san Ikko, ko ba ku je ba kun ji sunanta, don ƴaƴanmu da yawa can suke zuwa biɗa bayan girbi. Tsohon birni ne a bakin teku. Turawan Ingila sun kama shi a 1861. Shi ne babban birnin Najeriya har 1991, kafin a koma Abuja. Daga Matamaye zuwa can ya fi kilomita 1000: ka bi Ɗan Barto, ka bi Daura, ka sauka Kano, sannan ka kama doguwar hanyar kudu. Yau kuwa kana zaune a inuwar bukkar lambunka, kana shan rake, sai ka bi titunan tsibirin Ikko inda masallacin Shitta-Bey yake tun 1894. Sai ka hau doguwar gadar da aka buɗe a 1990, mai tsawon kusan kilomita 12 bisa ruwa.

Kada mu raina wannan abu. Yaron makaranta da bai taɓa ganin ruwan da ya fi tabki ba, yau yana iya ganin bakin teku. Uwar da ɗanta yake Agege tana iya ganin irin hanyar da yake takawa, hankalinta ya ɗan kwanta. Matafiyi yana iya gane tashar da zai sauka tun bai bar gida ba. Duk wannan alheri ne.

Sai dai fa kakannin da suka ce gani ya kori ji, su ne kuma suka ce hangen Dala ba shiga birni ba. Don haka, ɗan uwa, idan aka nuna maka birni a waya, yi wa hoton tambaya uku.

Tambaya ta farko: yaushe aka ɗauke shi?

Hoto ba ya tsufa a ido, amma birni yana canzawa kullum. Motar ta wuce rana ɗaya ne, ta yi gaba. Sai ranar da ta sake dawowa za a sabunta hoton, kuma tsakanin zuwa da zuwa yakan kai shekaru. A ƙasar Jamus, hotunan da aka ɗauka a 2008 da 2009 su aka yi ta nunawa har 2023, kafin a sa sababbi.

Ga misalin da ya shafe mu. Samari da yawa suna zuwa Ikko don yin kabu-kabu, wanda can ake kira okada. Saurayin da ya kalli tsohon hoto zai iya ganin babura cike da bakin titi, sai ya ce ai ga aiki nan a bayyane. Amma ranar 1 ga watan Yuni na 2022 gwamnatin jihar Legas ta hana haya da babur a ƙananan hukumomi 6, cikinsu har da Ikeja, da Surulere, da Apapa, da tsibirin Ikko. An kama babura masu yawa, an murƙushe su. Hoton bai yi ƙarya ba, abin jiya ya faɗa. Wanda ya sayar da awakinsa saboda abin jiya, shi zai kwana da asara.

Nan ne karatunku zai yi muku rana. A gefen hoton ana rubuta wata da shekarar da aka ɗauke shi, da ƙananan baƙaƙe. Tun 2014 ma ana iya komawa baya a ga tsofaffin hotunan wuri ɗaya, a gwada su da sababbi. Wanda bai iya karatu ba, gini da mota kaɗai zai gani. Kai da ka san lambobi, sai ka karanta shekarar, ka ce: wannan hoto ya kwana biyu.

Tambaya ta biyu: ina motar ba ta shiga ba?

Mota tana bin inda mota take iya bi. Babban titi mai kwalta, shi ne rabonta. Lungun da ba ya ɗaukar amalanke, da ɗakin da mutum goma suke kwana a ciki, da ƙarƙashin gada da tsakar dare, ba su cikin aikinta. A Ikko akwai unguwar Makoko, inda aka kafa gidaje bisa itace a kan ruwa, jirgin kwale-kwale ne abin hawa. Wace mota ce za ta bi can? Talaka baƙo kuwa ba a babban titi yake kwana ba.

Akwai kuma abin da aka share kafin mota ta zo. A 1990 aka rushe unguwar Maroko a bakin ruwa, mutane wajen 300,000 suka rasa matsuguni. Yau manyan gidaje masu tsada ne a wurin. Daga 2016 zuwa 2017 aka kori masuntan Otodo Gbame, su ma dubbai. Idan ka kalli irin waɗannan wurare a waya, gini mai kyau ko fili za ka gani. Hoton ba zai gaya maka wanda aka tasa ba, ba zai gaya maka inda ya koma ba. Wannan sai a bakin mutane.

Tambaya ta uku: wa ya yi magana a ciki?

Ku lura da kyau. Tun 2008 kamfanin yana dusashe fuskokin mutanen da ke cikin hotunan, don kada a gane su. Wannan daidai ne, don ba a nemi izininsu ba. A wurinmu ma, ba a leƙa gidan mutum sai an tsaya a zaure an yi sallama. Amma ku duba abin da ya rage: bango, da kwalta, da mutane marasa fuska. Motar ba ta yi wa kowa sallama ba, don haka ba wanda ya ba ta labari. Gari kuwa mutane ne. Jika nawa ake biyan ɗaki a wata? Wa zai karɓe ka idan ka sauka? Wa zai tsaya maka idan ƴan sanda suka tambayi takarda? Wa zai kai ka likita idan zazzaɓi ya kayar da kai? Ko ka kwana kana goga yatsa a waya, ba za ka sami amsar ko ɗaya ba.

Darajar ji

Muna da abin koyi daga ƙasarmu. Akwai wani yaro mai suna Dorugu, ɗan Dambanas a ƙasar Kance. An kama shi bawa yana ƙarami, daga baya aka ƴanta shi. Ya bi wani Bajamushe mai suna Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, har Tumbutu. Suka ƙetare hamada zuwa Tarabulus a bakin teku, suka isa Ingila a 1855. Can wani malamin mishan mai suna Schön ya rubuta labarinsa daga bakinsa da Hausa. Dorugu ya faɗi yadda aka raba shi da gida, da wahalar hanya, da abincin mutanen da ya tarar, da halinsu. Har yau ana karanta labarin. Abin da ya sa yake da daraja, mai shi ya taka da ƙafarsa, ya ji a jikinsa.

To, amma kada mu ce ji ba shi da aibi. Kun san ɗan biɗa idan ya dawo: sabuwar shadda, sabuwar waya, ƙamshin turare. Yana faɗin ribar da ya ci, yana ɓoye daren da ya kwana da yunwa, don kunya. A nan hoto yana iya kama mai ƙari. Wanda ya ce yana zaune a gidan bene, sai a ce ya nuna titin.

Abin da za mu riƙe

Alƙali mai adalci ba ya yanke hukunci da bakin mutum ɗaya. Haka nan kai ma. Hoto shaida ne, labarin wanda ya je shi ma shaida ne. Kowanne yana da inda ya sani da inda bai sani ba. Ganin da kakanninmu suke nufi shi ne na wanda ya je da kansa, ya taɓa, ya tambaya. Ganin waya bai kai wannan matsayi ba. Aron ido ne, kuma mai idon shi ya zaɓi hanyar da ya bi da ranar da ya bi ta.

Saboda haka, kafin ka sayar da tunkiya ko ka jinginar da gona don kuɗin mota, yi abu uku. Karanta shekarar hoton. Nemi mutum biyu ko uku da suka dawo kwanan nan, ka tambayi kowa shi kaɗai, ba a gaban jama'a ba. Sannan ka ɗauki alƙalami ka rubuta kuɗin zuwa, da na zama, da na dawowa, ka gwada da abin da lambun rani zai ba ka. In lissafi ya ce tafi, ka tafi da idonka buɗe, tafiya ai mabuɗin ilimi ce. In ya ce zauna, ba ka yi asarar komi ba.

Ku karanta wa waɗanda ba su iya ba tukuna, ku tattauna a cibiya: a cikinku wa ya taɓa zuwa Ikko, kuma me ya tarar wanda ba a gaya masa ba? Ku rubuto mana amsarku da hannunku. Matambayi ba ya ɓata.

Allah ya kai matafiyanmu lafiya, ya dawo mana da su lafiya. Amin.