Haƙƙin macijin da ya ƙi cin abinci

A Amurka da Turai akwai dubban mutane da ke kiwon macizai a cikin ɗakunansu, kuma cikin waɗanda suka fi farin jini akwai bowa, 'yar'uwar mesa da ke rayuwa a dazuzzukan Amurka ta Tsakiya da ta Kudu. Ba ta da dafi, kanannaɗe abin farautarta take yi. Ta bambanta da mesa a wuri guda babba: mesa ƙwai take sakawa, ita kuwa bowa haihuwa take yi, 'ya'yan su fito da tsawon da bai wuce rabin mita ba. Irin waɗannan jarirai ake saye a kai gida, kuma a nan damuwar masu kiwo ke farawa, domin sau da yawa a miƙa wa ɗan macijin ɓera, ya kau da kai, mako ya wuce, wani ya biyo baya, bai taɓa komai ba.

Masu dogon sani a harkar sun san dalilan. Jaririn bowa ba ya ci sai ya yi saɓarsa ta farko, mako ɗaya zuwa biyu bayan haihuwa, domin yana rayuwa ne da ragowar gwaiduwar da ya fito da ita. Jikin maciji ba ya samar da ɗumin kansa, saboda haka idan gefe ɗaya na akwatinsa bai kai wajen digiri 30 zuwa 32 ba, cikinsa ba zai iya narkar da nama yadda ya kamata ba, kuma jikinsa ya san haka. Yana buƙatar laima a iska, da ɗan kogo matsattse da zai ɓuya. Yawan ɗaukarsa a hannu don nuna wa baƙi tsoro yake ƙara masa, gama a daji abin da ya ɗaga ɗan maciji sama shaho ne ko wani mai cinye shi. Gyaran da ake bayarwa kusan duk na haƙuri ne: a ƙyale shi kwanaki ba a taɓa shi, a miƙa abincin da dare, ɓeran ya kasance mai ɗumi kuma bai fi kaurin jikin macijin ba, idan ya ƙi a jira mako guda kafin a sake.

Akwai wata tambaya ta addini da ke ɓoye a cikin wannan jira. Macijin da ke daji a Kolombiya arziƙinsa na zuwa masa ba tare da hannun kowa ba. Ranar da mutum ya rufe shi a akwatin gilashi, ya mai da kansa ƙofa ɗaya tilo da abinci da ɗumi da ruwa za su biyo. Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito game da matar da aka azabtar saboda kyanwa ya ɗora laifinta a kan abu biyu: ta tsare dabbar ba ta ciyar da ita ba, kuma ba ta sake ta ta nemi abincinta ba. Mai bowa yana iya cewa shi ai ya ajiye abinci, macijin ne ya ƙi. Wannan uzuri bai isa ba. Wanda ya ajiye ɓera a cikin akwati mai sanyi, babu maɓoya, bai ciyar ba tukuna, domin ya bar dabbar cikin halin da ba za ta iya ci ba. Haƙƙin ya haɗa da neman sanin halittar da ya ɗauko, kuma ɗaukar mai daɗewa ce: bowa na rayuwa shekara 20 zuwa 30 a hannun mutane.

Malamai da yawa, ya kamata a faɗa, ba su yarda da kiwon macizai ba tun farko, kuma littattafan fiƙihu sun hana cinikinsu bisa hujjar rashin amfani da yiwuwar cutarwa. Amma wanda dabbar ta riga ta shiga hannunsa, wannan hukunci bai sauke masa nauyin cikinta ba.

Sai batun ɗura. Tausayi marar sani yakan ingiza mai kiwo ya buɗe bakin macijin da ƙarfi ya tura nama, kamar yadda wasu iyaye ke yi wa jariri ɗurar koko. Sakamakon yakan zama amai, rauni a maƙogwaro, da ƙarin tsoron abinci. Likitocin dabbobi sun ajiye ɗura a matsayin matakin ƙarshe, bayan an auna nauyi an ga yana ramewa, an kuma bincika ƙwari da cuta. Akwai wata cuta mai kashe bowa wadda masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko suka danganta da wata ƙwayar cuta a 2012, kuma ƙin ci da amai na cikin alamominta. Macijin da ke ɗauke da ita ɗura ba za ta yi masa komai ba sai wahala.

Akwai kuma rai na biyu a akwatin, wanda ba a cika tunawa da shi ba. Wasu, idan haƙurinsu ya ƙare, sukan jefa ɓera mai rai su bar shi ya kwana da macijin. Shari'a ta halatta kashe ɓera, amma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni da kyautatawa ko a wajen kisa, kuma barin dabba cikin firgici na sa'o'i ba kyautatawa ba ce. Ga macijin ma haɗari ne, domin ɓeran da yunwa ta kama yakan ciji macijin da bai shirya ci ba har ya yi masa mummunan rauni. Shi ya sa yawancin masu kiwo suka koma sayen ɓeraye da aka riga aka kashe aka daskarar, su narkar da su a ruwan ɗumi, su riƙe da hantsaki suna ɗan motsawa a bakin maɓoyar har ɗan macijin ya kai cafka.