Dalilan Da Ke Sa Ma'aikata Ajiye Aiki: Nasiha Ga Al'umma

Barin aiki ya zama ruwan dare a shaguna, makarantun kuɗi, asibitoci da kamfanoni. Malami yakan fara zangon karatu a wata makaranta ya ƙarasa shi a wata, yaron shago kuma ya wayi gari ya miƙa makulli ya yi gaba. Iyayen gida sukan ce yaran zamani ba su da haƙuri. Tabbas akwai marasa haƙuri, amma ruwa ba ya tsami banza, kuma mafi yawan dalilan suna hannun mai ɗaukar aikin.

Na farko shi ne albashin da ba ya kai mutum ƙarshen wata. Mafi ƙarancin albashi a Najeriya naira 18,000 ne a 2011, ya koma 30,000 a 2019, sannan 70,000 a watan Yulin 2024. Sai dai tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota da na abinci suka yi tashin gwauron zabo, har hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari a 2024. Dokar albashin ma ba ta hau kan wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, alhali a irin waɗannan wurare ne ɗimbin jama'a ke neman abinci.

Jinkirin biya ya fi ƙarancin albashi cin rai. Wata ya ƙare, malami ya je ofis, mai makaranta ya ce, "Malam, a ƙara haƙuri, iyaye ba su gama biya ba." Shi kuwa malamin mai kanti yana binsa kuɗin shinkafa, mai gidan haya ya aiko sau biyu, ga yaro ba lafiya. Idan a cikin wannan hali ya ga ana sauke bulo a harabar makarantar za a ƙara sabon gini, to daga ranar zuciyarsa ta bar wurin, gangar jikin ce kawai ke jiran wata ƙofa ta buɗe. Addini ya yi umarni a gaggauta biyan ɗan ƙwadago haƙƙinsa, kuma duk wanda ya juya albashin ma'aikaci a harkarsa ya ci bashin da ba a ba shi ba.

Wulaƙanci kuma yana korar mutumin da yunwa ba ta kora ba. Tsawa a gaban masu sayayya, zagin iyaye saboda ƙaramin kuskure, hana magidanci zuwa jana'izar ɗan'uwansa, duk waɗannan ma'aikaci yana tara su a ciki yana cewa "ba komai, ranka ya daɗe" har ranar da zai tafi. Mace ma'aikaciya tana da ƙarin nata: shugaban da ke nemanta da lalata, ko wurin da ke maye gurbinta da zarar ta tafi haihuwa.

Akwai kuma rashin hango gaba. A manyan kasuwanni irin su Kantin Kwari da Sabon Gari a Kano, al'adar da aka gada ita ce yaro ya yi wa maigida hidima shekaru, sannan a sallame shi da jari ya tsaya da ƙafarsa. Attajirai da yawa ta nan suka taso. Abin takaici, wasu iyayen gida sukan jira sai lokacin sallama ya matso su ƙirƙiro giɓi a lissafi su kori yaron hannu rabbana. Sauran yaran shagon suna kallo, kuma sun gane abin da ke jiransu. A ofisoshi sanayya ce ke yin wannan ɓarna, inda ake tsallake wanda ya iya aiki a ɗora ɗan'uwan shugaba. Dokar fansho ta 2014 ta ce mai ɗaukar aiki ya zuba aƙalla kashi 10, ma'aikaci kashi 8, amma akwai masu cirewa daga albashi su ƙi turawa asusun.

A fannin lafiya nauyin aiki da rashin tsaro sun haɗu da waɗannan. Likitoci da ma'aikatan jinya suna tafiya Ingila da Saudiyya, ga shi kuwa a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya Najeriya cikin ƙasashe 55 masu matsanancin ƙarancin ma'aikatan lafiya. Duk wanda ya tafi, aikinsa kan wanda ya rage yake komawa, shi ma ya gaji ya bi sahu. Asarar tana kan mai naƙudar da ta iso asibiti da dare ba ungozoma, da ɗalibin da aka sauya wa malamin lissafi a tsakiyar shekara.

Don haka wajibi ne masu ɗaukar aiki su rubuta sharuɗɗa tun farko. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ce a ba ma'aikaci su a rubuce cikin wata uku da fara aiki. Alkawarin sallama a yi shi gaban shaidu, a faɗi shekaru, shugabannin kasuwa kuma su tsaya a kai. Iyayen yara da ke riƙe kuɗin makaranta alhali suna da hali su sani albashin malami suke riƙewa.

Ma'aikaci shi ma akwai haƙƙi a wuyansa. Bai dace ya sulale da amanar mutane a hannunsa ba, ko ya janye wa maigida abokan cinikinsa a ɓoye. Ya miƙa lissafi da kaya, ya ba da sanarwa kamar yadda doka ta tsara: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya har zuwa shekara biyu, mako biyu tsakanin shekara biyu da biyar, wata ɗaya ga wanda ya kai shekara biyar ko fiye.