Kuɗin Motar Da Aka Manta Ba A Karɓa Ba

Karatu: Yunusa 1:1-3, Maimaitawar Shari'a 24:14-15

Mai zuwa babban taron ikilisiya a Kano daga Haɗeja yakan sauka a tashar Yankaba, ya tari adaidaita sahu zuwa Sabon Gari. Tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano a 2013, wannan mai ƙafa ukun ne abin hawan baƙo da ɗan gari. Kwana uku ko huɗu na taro, safe da dare, hawa da sauka ba iyaka. A cikin wannan hayaniya wata rana direba zai ruɗe da canji, ya ja kekensa bai karɓi kuɗinka ba, kana kallonsa. Sau da yawa mun ji an tsaya gaban jama'a da irin wannan an kira shi shaida: Ubangiji ya ba ni tagomashi, na hau kyauta! Jama'a kuwa su ɗauki tafi.

Tagomashi ne da gaske?

A gida ba ma yin wannan tambaya. Mai kwalekwalen da ya haye da kai lokacin da kogi ya cika ya san gidanku, ya san ubanka. In ka wuce ba ka biya ba, gobe za ku yi kiciɓis a kasuwar kifi. A Kano ba wanda ya san ka, kuma da wuya ka sake ganin direban nan har abada. Abin da kunya take tsarewa a Haɗeja, a can tsoron Allah kaɗai ya rage ya tsare shi.

Dubi mutumin da ke riƙe da kan keken. Da yawansu ba nasu ba ne. Kullum sai sun kai wa mai keke balas, ko an samu ko ba a samu ba, ga mai da ya yi tsada tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023. Abin da ya ragu bayan wannan shi ne cefanen gidansa. Dokar da muka karanta ta hana a bar rana ta faɗi da hakkin talaka a hannunka, ɗan'uwanka ne ko baƙo, domin a kan wannan kuɗin ya sa ransa. Ba ta tambayi addininsa ba. Kuma Allah mai ciyar da tsuntsaye ba ya bukatar mantuwar matalauci kafin ya biya maka bukata.

Annabi Yunusa ma, yana cikin gudu daga Ubangiji, da ya isa Yafa sai da ya biya kuɗin jirgi. Mai gudun Allah ya biya. Mai zuwa neman fuskarsa fa?

Wani zai ce, ai jiya wani direba ya gane ni baƙo ne ya ninka mini kuɗi, yau Allah ya rama mini. An cuce ka, gaskiya ne, kuma da zafi. Amma na jiya daban, na yau daban. Wannan bai ci maka ko kwabo ba.

Kyauta tana nan, kada mu ƙi ta. Idan direba ya dube ka ya ce, "Baba, bar shi," ko wani fasinja ya biya maka, karɓi da godiya, ka ba da shaida da murya mai ƙarfi. Mai bayarwa ya san ya bayar.

Mai wuyar ita ce idan kai ma ka shagala, sai da ka zauna a majami'a ka ji kuɗin a aljihu, keken kuwa ya ɓace cikin dubbai masu launi ɗaya. A ganina kada ka jefa shi cikin baiko, domin ba naka ba ne balle ka miƙa wa Allah. Ware shi gefe. Da an tashi taro, ka ƙara wa direban da zai mai da kai masauki, ka gaya masa dalili. Watakila ya yi dariya, watakila ya tambaye ka daga wane taro kake.