Waƙa a Bakin Mai Ita

A wani ƙauye kusa da Toranke, cikin ƙaramar hukumar Ajingi, an taɓa kama wani saurayi da buhun takin zamani na maƙwabcinsa. Laifinsa na farko ke nan, kuma da aka gurfanar da shi gaban alƙali a Gaya bai ja da maganar ba. Alƙali ya dubi ƙuruciyarsa, ya dubi kawunsa da ya zo tsaya masa, sai ya yi masa ɗaurin talala na shekara guda maimakon gidan yari. Aka gindaya masa sharuɗɗa: ya biya kuɗin taki, ya kiyayi sake wani laifi, kuma farkon kowane wata ya zo Gaya ya sa hannu gaban jami'in da ke kula da shi.

Irin wannan hukunci yana da gindi. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta tanade shi, Jihar Kano ma ta yi tata dokar a 2019. A shekarar ne kuma hukumar gidajen yari ta koma hukumar gyaran hali, aka ɗora mata kula da masu hukuncin da ba na zaman kurkuku ba, don a rage cunkoso a wurare irin su Kurmawa da Goron Dutse.

Wata huɗu yaro yana zuwa, sai aka daina ganinsa har wata biyu a jere. Mai taki ya ji labari, ya garzayo kotu.

"Allah ya gafarta Malam, tun farko na san za a rina. Ɓarawo ba ya tuba. A aika da shi Kurmawa kowa ya huta."

Mai gabatar da ƙara ya miƙa littafin sa hannu, gurbi biyu babu komai. Ya roƙi a soke talalar nan take.

Alƙali ya juya ga magatakarda. "An kai masa sammaci?"

"Ba a kai ba, ranka ya daɗe. Ai littafi ya nuna komai."

"Littafi ya nuna bai zo ba. Dalilin rashin zuwan fa, a wane shafi yake? Sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa haƙƙin a saurare shi. Tun kafin nan, Annabi Sulaiman da ya nemi alhudahuda ya rasa, ya yi masa barazanar horo, amma ya bar masa ƙofar kawo hujja. Rubuta masa sharaɗin da ake cewa ya karya, da watannin da bai zo ba, da ranar da zai bayyana. Ka faɗa masa ƙarara cewa abin yana iya kai shi gidan yari, don ya zo da shirinsa da shaidunsa."

Masinjan kotu ya hau babur zuwa Ajingi. Mai unguwa ya raka shi har ƙofar gida, aka karanta wa yaro takarda a gaban kawunsa, ya dangwala yatsa.

Ranar zama suka zo da katin asibiti. A watan farko mahaifiyarsa ce ta kwanta a Asibitin Murtala a Kano, shi ne ya yi jinyarta, yana kwana a baranda. Kawu ya shaida, kwanan watan katin ma ya yi daidai. Mai taki ya sunkuyar da kai.

"To wata na biyu fa?" in ji alƙali.

Yaro ya yi shiru. Kawu ya taɓa shi. "Faɗi gaskiya, ɗana."

"Ranka ya daɗe, ta riga ta warke. Na ga na ƙi zuwa sau ɗaya ba a neme ni ba, sai na ɗauka an manta da ni. Na tafi Wudil bikin abokina."

Alƙali ya ce, "Talala mai kamar sake. Na farko uzuri ne, na karɓa, ko da yake ya kamata ka aiko a faɗa. Na biyu sakaci ne, kuma ba zai tafi a banza ba. Daga yau duk mako biyu za ka riƙa zuwa sa hannu. In ka ƙara, za a sake kawo maka sammaci, a sake sauraron ka, amma wataƙila ranar ba gida za ka kwana ba."

A bakin kotu mai taki ya miƙa wa kawu hannu. "Da an bi tawa, da na ɗauki alhakin yaron da ke jinyar uwarsa."

Darasin na kowa ne. Mai iko kada ya hukunta mutum kan zargin da ba a sanar da shi ba, domin waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi: jin ta bakinsa ne ya raba uzuri da sakaci, kowanne ya sami abin da ya dace da shi. Wanda aka yi wa sassauci kuma ya riƙe alkawari, in larura ta tare shi ya aika da wuri. Mai tsaya wa wani shi ma ya sani cewa amana ya ɗauka, ba ta ƙarewa a ranar da ya sa hannu.