Ko Ƙagaggen Labari Ƙarya Ne?

Mai tatsuniya yakan fara da "ga ta nan, ga ta nanku", yara su amsa. Daga nan kowa ya san Gizo da Ƙoƙi ba su taɓa rayuwa ba, ba wanda aka ruɗa. Amma idan mai wa'azi ya tsaya gaban ikilisiya ya ƙaga labari domin ya koyar da gaskiya fa? Dokoki Goma sun hana shaidar zur. Ashe bai taka doka ba?

Littafin Sama'ila na Biyu ya ajiye labarai biyu da aka ƙaga aka kai wa sarki ɗaya. A sura 12, bayan Dawuda ya ɗauke Bat-sheba ya sa aka kashe mijinta Uriya a bakin dāga, annabi Natan ya je wurinsa da maganar wani attajiri mai garkuna da wani matalauci mai 'yar tunkiya ɗaya tak, wadda take ci daga abincinsa, tana kwana a ƙirjinsa. Da attajirin ya yi baƙo, sai ya ƙwace ta ya yanka.

Dabarun Natan a fili suke. Ya ɓoye sunaye, don kada sarki ya fara kāre kansa. Ya jera mai yawa kusa da mai ɗaya, don zaluncin ya fito sarai. Ya daɗe yana siffanta tunkiyar har tausayi ya kama mai ji. Ya kuma riƙe ma'anar sai da Dawuda ya husata ya yanke hukuncin biya ninki huɗu, daidai da shari'ar Fitowa sura 22. A nan ne Natan ya nuna masa cewa shi ne attajirin. Sarki ya amsa laifinsa.

A sura 14, Yowab ya bi irin wannan hanya. Ya ɗauko wata mace mai hikima daga Tekowa, ya sa ta tufafin makoki, ya sa mata magana a baki: wai ita gwauruwa ce, 'ya'yanta biyu sun yi faɗa a saura, ɗaya ya kashe ɗaya, dangi kuma suna neman ran wanda ya ragu. Dawuda ya rantse zai tsare yaron. Sai ta juya maganar kan Absalom, wanda ya yi shekara 3 a Geshur yana gudun hijira.

Dabarar ɗaya ce, amma akwai bambanci. Kowane sashe na misalin Natan ya dace da abin da ya faru. Na Yowab kuwa ya karkace: 'ya'yan matar faɗa ne ya kaure tsakaninsu, Absalom kuwa shekara 2 ya yi yana riƙe da Amnon a zuci kafin ya shirya kisansa a wurin biki. Labarin ya rufe wannan. Natan ya kware lulluɓin da kansa, ita kuwa matar ba ta ambaci Yowab ba sai da sarki ya tambaye ta. Absalom ya dawo ba tare da tuba ba, daga baya ya tayar wa ubansa har ya kore shi daga Urushalima.

Wani zai ce ai Natan ma ya bar sarki ya ɗauka ƙara ce ta gaske. Haka ne. Amma kafin su rabu Dawuda ya san komai: ya san misali ne, ya san dalilinsa, ya kuma san kansa fiye da dā.

Wannan shi ne ma'aunin da ya kamata malamin ikilisiya ya riƙe. Yana da izinin ƙaga manomi ko ɗan kasuwa, ya ɓoye suna, ya jinkirta ƙarshen. Abu biyu ne ba shi da izininsu: ya karkatar da kwatanci don a yanke hukuncin da yake so, ko ya bar jama'a su koma gida suna zaton misali shaida ce. Wanda ya ƙaga warkarwa ko mafarki ya ce a wani ƙauye ya faru, ranar da aka gane, jama'a za su yi shakkar har gaskiyar da ya faɗa tare da shi. In misali ne, a ce misali ne.