Awa 288 Da Ba A Nuna Ba

A shekarar 1971 wani mai shirya fina-finai Ba'amurke, Craig Gilbert, ya sami amincewar iyalin Loud da ke garin Santa Barbara a jihar Kalifoniya, aka shigar musu da kyamara cikin gida har tsawon wata 7. Mata da miji ne, Pat da Bill, da 'ya'yansu 5. An ɗauki hoton kusan awa 300, aka tace aka fitar da awa 12, tashar PBS ta nuna su a 1973 da sunan An American Family. Miliyoyin mutane suka zauna suna kallo a ranar da Bill ya dawo daga tafiya, matarsa ta ce masa aure ya ƙare, ya nemi wurin kwana. Shekara guda bayan haka BBC ta yi irin wannan da iyalin Wilkins na garin Reading a Ingila, daga nan kuma ƙofa ta buɗe.

Hujjar masu wannan sana'a ba ta da wuyar fahimta. Sukan ce ba wanda aka tilasta wa, mutanen nan da hankalinsu suka yarda, kuma duk abin da aka nuna ya faru da gaske. To, mun ji. Amma mu da muke fama da alƙalami mun san wani abu da mai kallo bai cika lura da shi ba, wato cewa labari a wurin zaɓe yake ƙulluwa. A ba mu awa 300 na rayuwar kowane gida, ko na limamin unguwa ne, za mu iya fitar da awa 12 na zaman lafiya, za mu kuma iya fitar da 12 na tashin hankali, ba tare da mun yi ƙarya ko sau ɗaya ba. Ko harshe da haƙori sukan saɓa. Awa ɗaya cikin kowace 25 aka nuna na iyalin Loud, kuma su kansu daga baya sun koka cewa an fi ɗaukar munanan lokutansu. Ina sauran 288 ɗin? Wanda ya zubar da su marubuci ne kamarmu, sai dai shi ya ɓuya a bayan kyamara yana cewa rayuwa ce take magana da kanta.

A nan ne, a ganinmu, yardar da ake tutiya da ita ta yi rauni. Mutum ya yarda a ɗauke shi hoto, amma bai san wane mutum za a gina da guntayensa ba. Ya sa hannu a kan littafin da ba a rubuta ba tukuna. Sannan ga yara. Autar gidan Loud ba ta kai shekara 15 ba lokacin da aka ɗauki shirin. Uba na iya ba da aron gidansa, amma shin yana da ikon ba da aron ƙuruciyar ɗansa, wadda za ta bi yaron har makaranta, har wurin neman aiki da na aure?

Kada mu yi saurin wanke hannunmu. Wane ne cikinmu bai taɓa ɗauko rigimar kishiyoyin gidansu ko rowar wani kawunsa ya sa a littafi ba? Bambancin dai shi ne mukan sauya suna da gari, mu yi wa mutum sutura, ko da 'yan uwa sun gane, yana da damar ya ce ba shi ba ne. Kyamara kuwa ba ta barin wannan mafaka, fuskarka ce da muryarka da falonka.

Duk da haka al'amarin bai zo da sauƙin hukunci ba. Babban ɗan gidan, Lance, wanda ya fi kowa shan surutu, shi ne da kansa ya kira Alan da Susan Raymond, waɗanda suka ɗauki shirin farko, su zo su ɗauki kwanakinsa na ƙarshe kafin ya rasu a 2001. A wannan karon shi ya nema, ya kuma san abin da kyamara ke iya yi. Cikin roƙonsa har da iyayensa su koma su zauna tare, kuma Pat da Bill suka koma, kusan shekara 30 bayan daren da duniya ta kalli rabuwarsu.