Dokin Sukuwa Ko Jakin Aiki? Tsokaci A Kan Tsada Da Daraja

Gabatarwa

Wataƙila mai karatu zai yi mamakin ganin ɗalibin Hausa ya ɗauki alƙalami yana magana a kan kwamfuta, alhali kuwa an saba ganinmu tare da karin magana da waƙa da nahawu. To, a yi mini uzuri, domin kwamfutar tsani ce kawai na taka don in kai ga wata tambaya da ta girme ta nesa ba kusa ba. Tambayar ita ce, da me ake auna darajar abu? Da kuɗin da aka biya, ko da ƙarfin da abin yake da shi, ko kuwa da amfanin da zai yi wa mai shi? Sa'an nan idan mai biya daban ne, mai mora daban, wa ke da alhakin faɗin gaskiya? Ba a littafi na tsinci wannan tambaya ba. A zauren gidanmu ta same ni, a Bagudo, lokacin dogon hutun shekarar 2024, kuma har yau ba ta sake ni ba.

Yadda Abin Ya Faro

A ɗakinmu na kwana a nan jami'a akwai wani abokina da yayansa ya aiko masa da kwamfutar cinya daga Turai, irin wadda aka ƙera musamman domin wasanni. Idan ya buɗe ta da dare, maɓallanta su riƙa walƙiya kala-kala, fankokinta su yi ta huci kamar ingarman da ya dawo daga sukuwa, mu kuwa mu kewaye shi muna jiran layi mu buga ƙwallo ko tseren mota. Ba zan ɓoye ba, raina ya biya ƙwarai. Na kwana na tashi ina karanta labarin ire-irenta, su ASUS ROG da Lenovo Legion da HP Omen da Alienware, har na haddace lambobinsu fiye da yadda na haddace azuzuwan aikatau na Parsons.

Ana nan sai aka fara yi mana maganar kundin kammala digiri. Niyyata ita ce in yi nazarin Hausar da ake yi a kasuwannin bakin iyakarmu da Jamhuriyar Benin, kamar Lolo da Tsamiya, inda Bahaushe da Badande da Bazabarme da Bafulatani ke ciniki a rumfa ɗaya. Wannan aiki yana son kwamfuta, babu shakka. Da na je gida hutu na faɗa wa mahaifina. Shi manomin shinkafa ne a fadamar Kogin Kwara, bai taɓa ɗora yatsa a kan kwamfuta ba. Ya yi shiru kaɗan, sa'an nan ya ce, ba tare da ya ambaci sunana ba tun da ni ne ɗan fari, "Kai wanga yaro, wagga na'ura kai kas san ta, ni ban san ta ba. Wadda karatunka ka so, faɗi kuɗinta. In ta kama a kai bijimin ga kasuwa, a kai shi."

Jama'a, a wannan lokaci sunan kwamfutar wasa yana kan harshena. Da na ce malamai ne suka wajabta irinta, da ba wanda zai ƙaryata ni a duk gidan. Na ce masa, "Baba, bari in bincika tukuna." Binciken da na yi shi ne zan shimfiɗa a nan.

Abin Da Kuɗin Ke Saye

Abin da ya raba kwamfutar wasa da sauran kwamfutoci shi ne injin zana hoto da ke cikinta. A shekarar 2023 kamfanin Nvidia ya fito da jerin injunansa na kwamfutar cinya masu lamba RTX 4050 har zuwa RTX 4090. A wancan lokaci kwamfuta mai ɗauke da 4060 takan kama wajen dala 1,000 a Amurka, mai 4090 kuwa dala 3,000 ko fiye. A shekarar 2024 dala ɗaya ta haura naira 1,500, ke nan babbar ta tasam ma naira miliyan huɗu da rabi tun kafin a yi maganar kuɗin dako da ribar ɗan kasuwa. A watan Yuli na shekarar aka mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000. Idan muka raba, ƙaramin ma'aikaci sai ya yi wata 64, watau shekara biyar da 'yan watanni, bai ci ba bai sha ba, kafin ya mallake ta.

To, shin ninkin kuɗi uku yana ba da ninkin ƙarfi uku? A'a. A yawancin wasanni babbar ba ta wuce ninki biyu na ƙaramar, ko kusa da haka. Haka kayan ƙawa suke a ko'ina: matakin farko na tsani yana da araha, amma duk matakin da aka ƙara hawa sai kuɗinsa ya fi na baya, tsawonsa kuma ya gaza na baya.

Bugu da ƙari, suna yana iya ruɗin mai saye. RTX 4090 na kwamfutar tebur yana da ƙananan ƙwayoyin lissafi 16,384 kuma yana cin wuta har wat 450. Takwaransa na kwamfutar cinya, mai suna iri ɗaya, ƙwayoyinsa 9,728 ne, wutarsa kuma ba ta wuce wat 175. Hatta 4060 ɗin, wani kamfani yakan sake masa wuta sama da wat 100, wani ya taƙaita shi ƙasa da rabin haka don kwamfutar ta yi siriri, sai ka ga lamba ɗaya a jikin kwali amma gudu ya sha bamban. Wanda ya sayi lamba bai tambayi wat ba, ya yi wa rogo kallon kitse.

Doki A Gidan Da Babu Harawa

Duk wannan lissafi na can ƙasashen da aka ƙera abin ne. Da na sauko da shi Bagudo sai na ga wani sabon babi. Wanda ya sayi doki ya sayi ɗawainiya, domin sai dawa da harawa da kanwa da ɗan barga. Abincin wannan kwamfuta wuta ne. Cajar manyansu takan kai wat 280 zuwa 330, alhali ta kwamfutar ofis wat 45 ce ko 65, wadda ƙaramar sola ke ɗauka ba wahala. Batirinta kuwa ba zai cece ka ba. Dokar jiragen sama ta taƙaita batirin da fasinja zai shiga da shi haka kawai ga wat-awa 100, shi ya sa maƙera ke tsayawa a 99.9. Na'urar da ke lashe sama da wat 200 idan wasa ya yi zafi, ko rabin awa wannan batir ba zai riƙe ta ba, don haka da zarar an zare waya sai ta rage wa kanta ƙarfi. Ashe a garin da wuta ke zuwa tana tafiya, ƙarfin da ka biya miliyoyi dominsa yana rataye ne a wuyan janareto, shi kuma janareto yana rataye a wuyan fetur, wanda kuɗinsa ya ninka fiye da sau biyu bayan cire tallafi ranar 29 ga Mayu, 2023. Shi ne kuma fetur ɗin da injin ban-ruwan mahaifina ke jira a fadama.

Sai maganar zafi. Idan cikin kwamfuta ya doshi digiri 100, takan rage gudu da kanta don kada ta ƙone. A ƙasar Kabi kuwa, a watannin Maris da Afrilu, zafin gari kansa yakan haura digiri 40, watau iskar da fanka za ta ja don ta sanyaya injin ita ma da zafinta. Da hunturu ya kama kuma ƙura ta toshe kafofin iska. Dokin da aka horar a ƙasar sanyi, ga shi an ɗaure shi a turken bazara.

Abu na ƙarshe shi ne tsufa. A shekarar 2025 aka fito da jerin RTX 50, sai sarkin jiya ya koma hakimi. Bijimi kuwa da an bar shi a gida, ƙiba zai ƙara, ya ja garma da damina, ya ba da taki.

Ina Daraja Take?

Mu mutanen bakin iyaka mun riga masana sanin cewa farashi ba a jikin kaya yake ba. A shekarar 2019, wadda a cikinta aka rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta, jakar sefa, watau sefa 1,000, wajen naira 600 ce. A 2024 ta kai wajen naira 2,500, domin ita sefa an ɗaure ta ne da kuɗin yuro a kan kusan sefa 656, naira kuwa aka sake ta a kasuwa a watan Yunin 2023. Buhun masarar da ke Segbana shi ne dai buhun, bai ƙara ko tiya ɗaya ba, amma kuɗinsa a aljihun mutumin Tsamiya ya ninka. Abin da ke hawa da sauka haka, kaya na zaune wuri ɗaya, ba zai zama ma'aunin daraja ba.

Masanin tattalin arziki Adam Smith, a littafinsa na shekarar 1776, ya lura cewa ruwa ya fi kome amfani amma ba shi da tsada, lu'ulu'u kuwa ga tsada ga ƙarancin amfani. Tun kafin shi, malaman usulu irin su Imam Shaɗibi na Andalus, wanda ya rasu a 1388, sun kasa bukatun ɗan Adam gida uku: abin da rayuwa ba ta tsayuwa sai da shi, da abin da rashinsa ke jawo ƙunci, da abin da ke ƙara kyau kawai. Suka ce idan an yi karo, na ƙasa shi ke ba na sama hanya. Da na ɗora kaina a kan wannan sikeli sai na ga takin gona da kuɗin makarantar ƙannena suna gida na farko da na biyu. Kwamfutar rubutu tana gida na biyu. Allon da ke sauya hoto sau 240 a daƙiƙa maimakon sau 60 kuwa, a gida na uku yake, can kusa da ƙofa.

Me aikina yake so? In buga ɓ da ɗ da ƙ, in adana muryoyin da na ɗauko a kasuwa, in duba karin sautinsu da manhajar Praat, wadda aka ƙirƙira a Jami'ar Amsterdam kuma kyauta ake ba da ita. Duk wannan kwamfutar ofis 'yar Kwatano tana yin sa ba tare da ta yi gumi ba, kuma kuɗinta bai kai kashi ɗaya cikin goma na babbar ba.

Masu Ja Da Wannan Ra'ayi

Na san akwai masu cewa, ai araha ba ta ado. Gaskiyarsu. Na ga ɗalibin da ya sayi mafi arahar kwamfuta a kasuwa, ta mutu masa ana saura mako biyu ya miƙa kundi, ta tafi da babi uku. Rowa ma ɓarna ce, domin mai sayen rubabben kaya sau biyu yake biya. Amma maganin wannan shi ne a sayi mai ƙwari, kuma ƙwari daban, gudu daban.

Wasu za su ce, to ɗalibin zanen gine-gine fa, ko mai haɗa finafinai, ko mai koya wa na'ura harshe? Waɗannan kam injin zana hoto shi ne fartanyarsu. Aikin da ƙaramar kwamfuta za ta kwana tana yi, babbar za ta gama kafin a sha shayi, kuma lokaci a wurinsu kuɗi ne. A hannunsu dokin nan dokin aiki ne, tsadarsa ma araha ce. Wannan ai ƙarfafa maganata ya yi, domin ya nuna daraja tana tsakanin kaya da hannun da ya riƙe su.

Suka mafi nauyi ita ce ta masu cewa, shin ɗan talaka ba shi da hakkin nishaɗi ne? Yana da shi mana. Bahaushe bai taɓa ƙyamar wasa ba. Ga dara, ga langa, ga dambe, ga kokawa, kuma mutanen Kabi ba baƙi ba ne a fagen. Wanda ya tara guminsa, babu hakkin kowa a kansa, ya sayi kwamfutar wasa don ya ji daɗi, ban ga laifinsa ba, muddin ya kira abin da sunansa. Inda gizo ke saƙa shi ne a sa wa sha'awa rigar bukata, a kai ta gaban wanda ba zai iya gane ta ba.

A kasuwar shanu, idan mai saye bai san dabba ba, dillali ne idonsa, kuma dillalin da ya ci amanar makaho ya fi ɓarawo muni, don shi ɓarawo ba a ba shi amana ba. Ran nan a zaure ni ne dillali tsakanin mahaifina da na'ura. Ilmin da zan yi amfani da shi in ruɗe shi kuwa, shi ne ya sayar da shinkafa ya biya mini kuɗin samunsa. 'Yan'uwa ɗalibai, mu nawa ne muka taɓa aika saƙo gida da sunan littafi ko na'urar karatu, alhali mun san rabin kuɗin ina za shi? Iyayenmu da yawa ba su san abin da muke karantawa ba, amincewa kawai suke yi, kuma kullum na'urori na ƙara yawa wannan rata tana ƙara faɗi.

Kammalawa

Bayan kwana uku na koma wurin mahaifina na faɗa masa kuɗin kwamfutar ofis ta hannu, mai ƙwari, da ƙaramar sola. Ya ce, "Shi ke nan?" Na ce, "Shi ke nan, Baba." Buhunan shinkafa kaɗan aka fitar, bijimi ya kwana a turkensa. Bai san abin da ya kusa faruwa ba, ni kuma ban faɗa masa ba, kuma wannan shirun ma wani lokaci yakan dame ni.

Ba zan yi wa mai karatu ƙaryar cewa sha'awar ta mutu ba. Har yanzu idan abokina ya buɗe tasa nakan matsa kusa in jira layi, kuma idan Allah Ya hore mini nawa na kaina wata rana, mai yiwuwa in saya. Abin da nake roƙo shi ne, kafin ɗayanmu ya tambayi mai kanti ƙarfin na'ura, ya fara tambayar kansa aikin da zai ba ta, da wutar da zai ciyar da ita, da kuma gumin wanda za a biya da shi. Wanda yake da wata fahimta saɓanin tawa, filin wannan mujalla a buɗe yake, ina kuma marhabin da gyara.